Mayar da Motar Makaranta Gida: Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

Gabatarwa

A hutun da ya gabata, muna zaune da yamma a teburin wani mai shayi a Jalingo, sai wani abokina da muka yi sakandare tare ya miƙo mini wayarsa, ya ce in kalli ikon Allah. Hotunan wata doguwar bas ce irin wadda ake ɗaukar 'yan makaranta a Amurka. An cire kujerunta kaf, an shimfiɗa katako a ƙasa, ga gado, ga wurin girki, ga makewayi, har da labule da 'yar kantar littattafai. Wani Bature ne da matarsa da 'ya'yansu biyu suke zaune a ciki, kuma zama na dindindin. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka ga mafita. Ni da zan sami irin wannan, wallahi da na huta da masu gidan haya."

Da farko dariya na yi. Amma da na dubi fuskarsa sai dariyar ta koma ciki, domin na san halin da yake ciki. Ya gama bautar ƙasa, yana koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, an sa masa rana sau biyu ana ɗagawa saboda babu ɗakin da amarya za ta tare. Ɗaki guda da yake haya ma, mai gidan ya ninka masa kuɗi, ya ce in bai iya ba ga hanya nan. Sannan kullum idan zai tafi aiki yakan wuce ta bayan wata ma'aikata inda wasu bas-bas uku suke jibge a kan duwatsu, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Wanda ke cikin irin wannan hali, idan ya ga bas ya hango gida, bai cancanci dariya ba. Amsa ya cancanta.

Wannan ɗan tsokaci shi ne amsar da na kasa ba shi a wannan yammacin. A nawa ganin, mayar da bas gida ba zai fitar da matashin Jalingo daga ƙangin haya ba. Sai dai tunanin da ya haifar da maganar yana da amfani, kuma akwai darasin da ya kamata mu ɗauka daga gare shi.

Asalin Abin a Amurka

Kafin mu ari rigar wani, ya kamata mu san dalilin da ya sa aka ɗinka ta. A shekarar 1939 wani malamin jami'a mai suna Frank Cyr ya tara wakilan jihohin Amurka a birnin Niyok, aka amince da ƙa'idojin ƙera motar 'yan makaranta, ciki har da launin ruwan ɗorawa da aka san ta da shi har yau. Yanzu ƙasar tana da irin waɗannan motoci kusan rabin miliyan, suna jigilar yara fiye da miliyan 20 a kowace ranar karatu. Doka ta tsananta a kan ƙarfin jikinsu, ana kuma duba lafiyarsu a kai a kai. Idan mota ta yi shekara goma sha, sai hukumar ilimi ta yankin ta yi gwanjonta ta sayi sabuwa, alhali injinta na tashi, tayoyinta na birgima. Saboda yawansu, farashin yakan faɗo ƙasa, har mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye.

Tun a 1964 wani marubuci, Ken Kesey, da abokansa suka yi wa wata tsohuwar motar makaranta fenti kala-kala, suka ratsa ƙasar daga Kalifoniya zuwa Niyok a cikinta. A lokacin abin na 'yan tawayen al'ada ne. Daga baya sai talauci ya shigo ciki. Rikicin bashin gidaje na 2008 ya raba miliyoyin Amurkawa da muhallinsu, wasu suka koma kwana a mota. Wata 'yar jarida, Jessica Bruder, ta bi irin waɗannan mutane, yawancinsu dattawa, ta rubuta littafi mai suna Nomadland a 2017, fim ɗin da aka yi da shi kuma ya ci kyautar Oska a 2021. Annobar Korona ta 2020 ta ƙara yawan masu yin haka, tun da mutane da dama sun koma yin aikin ofis ta kwamfuta daga duk inda suke.

Abin lura a nan shi ne, motar ba ita kaɗai take riƙe da su ba. Akwai wuraren da aka tanada domin masu gidan tafi-da-gidanka, inda mutum zai biya ya jona wuta, ya cika tankin ruwa, ya zubar da ƙazantar makewayinsa. Akwai dazuzzukan gwamnati a yammacin ƙasar da aka yarda mutum ya yada zango kyauta har kwana 14. Idan sanyi ya shigo su gangara kudu, idan zafi ya zo su haura arewa. Kuma duk da haka, kuɗin da ake kashewa wajen gyaran cikin motar yakan ninka kuɗin sayenta sau da yawa. Hoton da abokina ya nuna mini bai nuna wannan ba. Kallon kitse yake yi wa rogo.

Hujjar Masu Sha'awar Abin

Adalci shi ne mu faɗi abin da ke hannun masu wannan ra'ayi, domin ba hannu rabbana suka zo ba.

Na farko, matsalar muhalli a Jalingo gaskiya ce. Garin da ya kasance hedikwatar ƙaramar hukuma a tsohuwar Jihar Gongola ya wayi gari babban birnin jiha a ranar 27 ga Agusta, 1991. Ma'aikata suka kwararo. A 2008 aka kafa Jami'ar Jihar Taraba, ɗalibai suka cika unguwannin da ke kewaye da ita. A 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, 'yan gudun hijira da dama sun gangaro nan, rikice-rikicen cikin jihar kuma sun ƙara turo wasu daga ƙauyuka. Mutane na ƙaruwa, ɗakuna ba su ƙaru daidai da su ba. A farkon 2024 buhun siminti ya kai naira dubu goma a wurare da yawa, a shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu saba'in. Wato mai wannan albashi, ko bai ci bai sha ba, buhu bakwai zai saya a wata.

Na biyu, ambaliya. Duk ɗan Jalingo da ya yi wayo a lokacin ba zai manta da watan Agusta na 2005 ba, sa'ad da ruwa ya karya gadar Nukkai, rayuka masu yawa suka salwanta, gidajen da ke gaɓar kogi suka tafi. Har yau mazauna bakin Lamurde da Mayo Gwoi ba sa barci da ido biyu rufe idan hadari ya haɗu a watan Agusta. Mai gidan da ke kan taya, in ji su, sai ya tada mota ya hau tudu.

Na uku, gida mai tafiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bafulatanin daji ya daɗe yana ɗora ɗakinsa a bayan sa ko jaki, ya kafa ruga inda ya sami ciyawa, ya tashi idan ta ƙare. Aya ta 80 ta Suratun Nahli ma ta lissafa gidajen fatu masu sauƙin ɗauka a cikin ni'imomin Allah, tare da gidajen zama. Direbobin tirela da yaransu sukan yi makonni motarsu ce ɗakinsu. Kwantenar da aka yi domin jirgin ruwa kuwa, ga ta nan a bakin titunanmu ta zama shagon kayan masarufi da wurin cajin waya. To me zai hana bas?

Hujjoji ne masu nauyi. Amma bari mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Inda Gizo Ke Saƙa

Matsala ta farko ita ce motar kanta. Bayan waccan hira na bi ta wani gareji, na tarar da wani dattijon bakanike yana kwance a ƙarƙashin wata Hiace. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, don Allah tsohuwar bas nawa za ta kai?" Ya leƙo ya ce, "Ɗana, wace iri? Mai tashi ko matacciya? Mai tashi babu mai sayar maka da araha, don ita ce gonarsa. Matacciya kuwa 'yan gwangwan sun riga ka, su a kilo suke saye." Wannan magana ta dattijo ta warware rabin zancen. A Amurka ana sallamar bas tana da sauran ƙarfi. A nan ƙasar, wadda aka sallama a can ita ce sabuwarmu. Muna sayen ta Kwatano da Beljiyam, mu yi ta faci da walda har sai ta ce ga garinku nan. Bas mai rai jari ce: a ɗora ta kan hanyar Yola ko Wukari ta ciyar da gida biyu ko uku. Wanda ya mallake ta ya cire kujeru ya sa gado, ya yanka saniyar tatsa ne don ya yi shimfiɗa da fatarta. Idan kuma matacciya ce, to hujjar gudun ambaliya ta faɗi, domin gidan da babu inji ba ya hawa tudu. Gara ma mai ɗakin ƙasa, shi bai yaudari kansa ba.

A ce ma mai tashin ce. Babbar bas takan sha kimanin lita ɗaya ta gas a kowace kilomita uku zuwa huɗu. Daga Jalingo zuwa Wukari kimanin kilomita 200 ne, wato lita sittin ke nan ko kusa da haka, kuma a 2024 litar gas ta haura naira dubu. Tafiya ɗaya tak ta kusa lashe mafi ƙarancin albashi. Fetur ma tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya fi ƙarfin yawon shan iska. Ga lalacewar hanya: a wannan hanyar ce gadar Namnai ta karye a daminar 2024. Ga shingayen jami'an tsaro da za su so sanin dalilin da ya sa bas take ɗauke da gado da tukunyar gas. Ga kuma 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, waɗanda suka sa kwana a gefen daji ya zama sayar da rai.

Matsala ta biyu girma. Babbar motar makarantar Amurka takan kai ƙafa 40 a tsawo, ƙafa 8 a faɗi. Idan aka cire wurin direba da kaurin bango, abin da zai rage bai kai ɗaki biyu masu ƙafa 12 sau 12 ba. Mu kuwa ba irin wannan muke da ita ba. Makarantun da suka mallaki mota a nan, Coaster ce ko Hiace. Cikin Coaster gaba ɗaya bai kai ɗaki guda mai 12 sau 12 ba, Hiace kuwa ko miƙewa tsaye mutum ba zai yi a cikinta ba. Ke nan bayan duk wahalar walda da kafinta, abokina zai ƙare da abin da bai kai ɗakin da yake haya yanzu ba.

Matsala ta uku zafi. Mai karatu, ka taɓa shiga motar da aka kulle aka bari a rana a watan Maris? Ko sitiyari ba ya taɓuwa. A bazara zafin Jalingo yakan kai digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar mota kuwa ya zarce haka nesa, domin ƙarfe yana ɗaukar zafi nan take, gilasan da suka kewaye ta kuma suna shigo da rana su hana zafin fita. Bature yana cusa soso a bango, ya sa na'urar sanyaya ɗaki, in abin ya ƙi ya tada mota ya bi sanyi. Mu da wace wutar za mu kunna na'urar? Farantan sola da baturan da za su riƙe ta dare da rana kaɗai sun isa su aza harsashin ɗaki. Da damina kuma tsatsa ce za ta bi duk inda aka huda aka yi walda. Sai fa idan mutum zai kai motar tsaunin Mambila ya zauna a Gembu, amma aikin abokina a Jalingo yake.

Matsala ta huɗu, wadda ita ce uwa uba, fili. Bas ba ta tsayawa a iska. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma a cikin birni babu wani taƙi da ba shi da mai shi ko mai iko da shi. Idan ka ajiye ta a bakin titi, hukuma za ta janye. Idan ka ajiye a filin wani, ka koma ɗan haya, sai dai wannan karon kai ka zo da ɗakin. Idan kuwa filinka ne, to ai ka riga ka haye babban kogin, abin da ya rage bulo ne da kwano, a hankali a hankali. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba. Abin da ya hana matashi gida a Jalingo tun farko fuloti ne da takardarsa, ba bango huɗu ba.

Matsala ta biyar ruwa da makewayi. Wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Babu wurin da aka tanada a garin nan domin zubar da tankin ƙazantar mota. Ko dai mutum ya haƙa shadda, wanda ke nufin ya kafu a wuri guda, ko ya zuba a kwata, ya jawo wa unguwa kwalara.

Mene ne Gida a Wurin Bahaushe?

A matsayinmu na ɗaliban harshe, bai kamata mu tsaya a lissafin ƙarfe da mai ba. Mu dubi kalmar kanta. Bahaushe yana cewa maigida da uwargida, ɗan gida da baran gida. Idan ya tambaye ka "ina gida?" ba lafiyar katanga yake tambaya ba, mutanen ciki yake nufi. Idan aka ce wance tana ɗakinta, an ce tana da aure ke nan. Idan aka ce wane ɗan babban gida ne, asali ake magana. Ko makewayi ma da gida aka auna shi aka ce bayan gida. Gida a harshenmu jama'a ne da asali da mutunci, ginin yana biyo baya.

Tsarin ginin ma haka ya nuna. Zaure domin baƙo ya tsaya ya yi sallama. Katanga domin sutura. Tsakar gida domin daka da shanya da girki da tatsuniyar dare. Turaka daban, ɗakin mata daban, ɗakin samari a ƙofar gida. Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga gidan wani, ta kuma ware lokuta uku da yaran gida ma sai sun nemi izini kafin su shiga wurin iyayensu. Hadisi ya yi umurni a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. A cikin bas mai taga ashirin, wadda ƙofarta ke buɗewa kai tsaye a kan gado, ina za a yi duk wannan? Kuma ba Bahaushe kaɗai ba. Bafulatani da Mumuye da Jukun, Musulmi da Kirista, duk wanda ya tashi a garin nan ya san gidan mutum ba nasa ne shi kaɗai ba. Ƙane zai zo karatu, gwaggo za ta zo jinya asibiti, suruka za ta zo wankan jego ta yi kwana arba'in. Ranar suna a ina mata za su zauna? Ranar rasuwa a ina za a shimfiɗa tabarmar gaisuwa?

Abokina aure yake son yi. Na tambaye shi daga baya, "Wace gwaggo ce za ta yarda ta zo jere a cikin bas? Ina za a kafa gado da sif da kujerun da uban yarinya ya yi shekara yana tarawa?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai ko waliyyinta ba zan iya tunkara da maganar ba."

Misalin Bafulatani ma, idan aka duba da kyau, hujja ce a kansu. Makiyayi ba shi kaɗai yake tashi ba, da dangi yake tashi, kuma dukiyarsa ce take jan sa. Kayan ɗakinsa kara ne da ciyawa da tabarmi masu numfashi, ba ya sayen mai. Duk da haka, yau wannan rayuwa tana cikin matsi saboda ƙarancin fili, har Jihar Taraba ta yi dokar hana kiwon sake a 2017. Idan wanda ya gaji yawo kaka da kakanni yana neman inda zai kafu, mu da muke da aikin yi a gari ɗaya me zai kai mu ara?

To, Mene ne Abin Yi?

Ba daidai ba ne mutum ya rushe shawarar wani ya tafi bai kawo tasa ba. Ga abin da nake gani.

Da farko, motar makaranta ta koma aikinta. Abin takaici ne mu zauna muna tunanin kwana a motar makaranta alhali yaranmu ba su sami ta zuwa makarantar ba. Duk wanda ya fito da ƙarfe bakwai na safe ya ga yadda ake cusa yara bakwai ko takwas a Keke Napep guda, wasu kuma suna tafe a ƙasa daga bayan gari. A 2023 gwamnatin jihar ta ayyana karatun firamare da sakandare kyauta. Ilimi kyauta kuwa yana buƙatar abin da zai kai yaro aji. Duk wata bas ta hukuma da za ta gyaru, a gyara ta. Sau da yawa abin da ya kwantar da mota bai taka kara ya karya ba, sakaci ne ya mayar da ita kwarangwal. Ƙungiyoyin iyaye da malamai da na tsofaffin ɗalibai suna iya ɗaukar nauyin wannan.

Na biyu, wadda ta mutu murus kada a bar ta ta zama gidan macizai da maɓoyar 'yan shaye-shaye. A yi gwanjonta a fili, kowa ya gani. A nan ne dabarar abokina za ta yi aiki. Idan aka girke ta a harabar makaranta a ƙarƙashin bishiya, ko aka yi mata rumfar kwano da tazara a sama domin iska ta ratsa, za ta iya zama ɗan ɗakin karatu na yara, ko shagon ɗinki, ko ɗakin maigadi, ko ma'ajiyar kayan gona. Manomin da ke kwana a gona lokacin girbi a Gassol ko Bali zai ji daɗinta fiye da bukkar leda. Masu walda da kafintocinmu suna da basirar yin wannan, kuma sana'a ce. Abin da zai yi kyau a matsayin masauki na 'yan kwanaki daban, abin da za a kira gidan iyali daban.

Na uku, mu koma ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Babban darasin mazauna bas shi ne sun ƙi yarda cewa gida sai irin wanda kowa ya saba, sun duba abin da ya yi yawa kuma ya yi araha a ƙasarsu suka yi amfani da shi. A can tsohuwar bas ce. A nan jar ƙasa ce. Kakanninmu sun gina soraye da tubali da azara, masu sanyi da rana, masu ɗumi da hunturu. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19 shaida ne. A zamaninmu, Francis Kéré na Burkina Faso ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando da bulon ƙasa a 2001, ya ɗaga rufin kwano sama domin zafi ya fita, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gine-gine. A Dandaji, wani garin Hausawa a yankin Tawa ta Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen bulon ƙasa, aka kammala a 2018. Gaskiya ne ruwan Jalingo ya fi na Kano da Tawa yawa, don haka ginin ƙasa a nan sai da harsashin dutse ko siminti, da baki mai faɗi a rufi domin kare bango. Wannan abu ne da magina suka sani. Abin da ya hana mu shi ne kunya: mun ɗauka ginin ƙasa tambarin talauci ne. Abin mamaki, matashin da zai ji kunyar ɗakin ƙasa shi ne yake sha'awar kwana a gwangwani don ya ga Bature a ciki.

Na huɗu, hukuma ta sauƙaƙa fili. A yanka filaye a kan tudu, nesa da hanyar ruwa, a kai hanya da rijiyar burtsatse, a rage girman fuloti ga wanda ba zai iya sayen ƙafa 50 sau 100 ba, a bari ya biya kaɗan-kaɗan, takarda kuma ta fito ba tare da ya tsufa a kan benci ba. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda aka tsara ma'aikaci ya riƙa zuba kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa, a aikace ya fi isa ga mai albashin gwamnati. Malamin makaranta mai zaman kanta da mai shayi da ɗan Keke fa? Su ma sai su haɗa kai. Adashin da iyayenmu mata suke yi su aurar da 'ya, samari goma za su iya yin irinsa su sayi fili su raba, su riƙa yi wa juna gayyar bulo.

Na biyar, mu iyaye da 'yan uwa mu rage buri. Ba dole ne ango ya fara da ciki da falo da kicin da tayil ba. Iyayenmu da yawa a ɗaki guda suka tare a gidan gado, Allah Ya buɗa musu daga baya. Idan muka tsananta, mu ne muke tura samari tunanin bas.

Kammalawa

Tarihi ya nuna Jalingo kanta sansani ce da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a 1893. Ba ta zama gari ba sai da mutane suka sauke kaya, suka haƙa rijiya, suka ja katanga, suka binne iyayensu a nan. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ba'amurke yana da rarar motoci da hanyoyi da wuraren yada zango, sai ya ga gida a cikin bas. Mu muna da ƙasa da rana da dangi, ya kamata mu ga namu gidan a cikinsu.

Abokina dai ya bar maganar bas. Da muka rabu yana shawara da wasu malamai 'yan uwansa huɗu a kan su haɗa kuɗi su sayi fili guda a bayan gari. Ban sani ba ko za su dace, domin hanyar tana da tsawo kuma amarya tana jira. Bas-bas ɗin nan uku kuwa suna nan inda suke a kan duwatsu, kuma kowace safiya yara suna wucewa ta gefensu a ƙasa, da jakunkuna a baya, suna sauri kada a rufe ƙofar makaranta.

Ina fatan 'yan uwana ɗalibai, musamman masu nazarin al'ada, za su ɗauki wannan batu na muhalli su faɗaɗa shi, wanda kuma yake da saɓanin ra'ayi ya kawo nasa a fitowa ta gaba. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba kowa muhalli na halal mai albarka, amin.